Ƙofarmu Shuɗiya Tana Shafin Farko

Assalamu alaikum mutanen wannan zaure. Admin ka ɓoye sunana, kar ka bar ko harafin farko. Don Allah ku ba ni shawara, ni kam kaina ya ƙulle.

Ni ɗan arewa ne daga wajen Marwa, ina da ɗan shago a New Bell nan Douala, ina sayar da kayan sola, batura da wayar wuta. Shagon a jikin gidan da muke haya yake, ƙofarsa ita ce ƙofar gidan. Matata kuwa haifaffiyar nan ce, ta yi boko da Faransanci, tana aiki a wani ofis a Ndogbong. Tun da rikicin arewa ya yi zafi kasuwa ta mutu mana, masu sarin kaya su kai gida sun daina zuwa, 'yan gari kuma da sun ji harshenka a taksi sai ka ga suna matsawa gefe. Wuni nake ina korar ƙuda.

Ita ta kawo maganar website. Na yi mata dariya, na ce wa zai nemi batir a waya ga kasuwar Marché Congo a buɗe. Ta yi abinta, muka jira shiru. Ta ce ai in an yi bincike a intanet can ƙasa muke, inda ko mai cigiya ba ya kaiwa, sai an gyara mu hau shafin farko. Ta lura manyan shaguna sun cinye sunan Douala, sai ta koma garuruwan bakin iyaka da ba wanda ke tallarsu, Mora, Kolofata, Fotokol, kowane gari ta buɗe masa page nasa, ta rubuta muna aika kaya har can. Ta sa shagon a taswira, ta ɗora hotuna har da na ƙofarmu mai shuɗin fenti, wai hoto yana ɗaga mutum sama. Sunanta da lambarta ta sa, don Faransancina na kasuwa ne, ba ya rubutuwa.

Abin ya yi, ba zan ɓoye ba. Kana rubuta batir da sunan ɗaya daga garuruwan nan, mu ne a sama. Malaman makaranta da ma'aikatan asibiti suka riƙa kira, bayin Allah da ke zaune a duhu. Har alfahari nake da ita a majalisa.

Sai wani ya fara kira, ta haɗa shi da ni. Hausarsa a sanyaye, ba ya faɗin suna, ba ya gaggawa. Abin da ya fara damuna shi ne ba ya taya kaya. Ku da kuke kasuwa kun sani, mai saye da guminsa sai ya ja da kai ko don al'ada, wannan kuwa abin da na faɗa shi ne. Kuma ba ya son farantin sola ko ƙwan fitila, ƙananan baturan babur kawai da siririyar waya mai yawa. Karo na farko na sayar, ya sa na kai wa wata mota a unguwar PK 14, direban ko kallona bai yi ba. Da ya dawo yana neman ninkin wancan jikina ya ba ni irin kayan haɗa bam ne, na ce kaya sun ƙare. Ya ɗan yi dariya ya ce:

"Alhaji, ai muna ganin kayan a hoto. Ga su nan jere bayan ƙofarku shuɗiya. A gai da Madam mai rubutu."

Wallahi sai da na zauna.

Ba a jima ba wani ya shigo shagon, farar riga, takalmi irin na masu ɗamara. Bai taɓa kaya ba, ya nuna min website ɗin a wayarsa, ya tambaya da Faransanci ko Madam tana nan, kuma me ya haɗa ta da Kolofata. Na ce talla ce kawai. Ya ce talla mai kyau, zai dawo. Kun san yadda ake ɗaukar irinmu a kwanakin nan, akwai maƙwabcinmu mai shayi da aka tafi da shi a yi masa tambaya, har yau iyalinsa suna jira.

Mun yi faɗa da ita, irin wanda ba mu taɓa yi ba. Na ce ta goge komai yanzu, na faɗa mata maganganu marasa daɗi a kan boko da iyayi. Ta ce ni ne na miƙa kaya a PK 14 ba ita ba, kuma gogewa bayan zuwan mutumin nan kamar amsa laifi ne. Ta ce ko ta goge, binciken zai daɗe yana nuna mu, abin da aka sha wuya aka hau ba ya sauka don ka ce ya sauka. Ita so take mu je ofishin 'yan sanda da ƙafarmu mu faɗi komai. Ni kuma na san sunan wa ke rubuce a shafin. In an riƙe mutum ita za a riƙe, kuma in mai kiran nan ya ji mun je, ya san gidan.

Da na rasa abin yi sai na sayo fenti ruwan ƙasa na shafe ƙofar, na karɓe wayarta na riƙe. Fentin ko bushewa bai gama ba saƙo ya shigo wayar tata daga lambar da ban sani ba: "Shuɗin ya fi kyau." Ban san ko mai batura ne ko mai farar riga ba, na dai san yana iya ganin ƙofar daga inda yake. Ban nuna mata ba tukuna, tana ciki tana gugar kayan da za ta sa gobe.

Tsoro nake ji, ba don kaina ba. Masu sanin harkar nan, akwai hanyar da za a sauke mu daga shafin farko da sauri, ba tare da ya zama kamar muna ɓoye wani abu ba? In bi maganarta mu kai kanmu, ko in tura ta wajen danginta a Yaoundé in tsaya ni kaɗai? Kuma gobe da safe, in bar ta ta fita ta wannan ƙofar?