Injin ban-ruwan da na sayo a Shinkafi

Ƙaura Namoda, Laraba, ƙarshen watan Sha'aban.

Zuwa ga ƙanena Garba,

Assalamu alaikum. Ya iyali, ya aiki, ya sanyin ƙasar taku? Mu nan sai godiya, ko da yake har yau ban huce da tafiyar da ka yi ka bar ni ni kaɗai a gareji ba.

Ka ce aikinka yanzu gwada ƙarfin injin tsofaffin baburan da ake hawa kan ƙanƙara, har da agogon awo. Ka tuna namu gwajin? In cire fulogi, in toshe ramin da babban yatsa, kai ka ja igiya. In iska ta ture yatsana, injin na da rai.

Kwanan baya na je Shinkafi sayen tsohon injin ban-ruwa. Ba ka nan, sai mai injin ya ja mini igiyar, iska ta ture yatsana, ya ce: "Malam, ka ji ƙarfi kamar doki!" Na biya, na kawo shi gida. Ashe baƙin mai mai kauri ya ɗura a ramin don iskar ta yi ƙarfin ƙarya. Da kai ne, tun daga nauyin igiyar za ka gane. Takardar kwalejin fasahata tana cikin akwati, ba ta jan igiya.

Ka gai da Hauwa da yara, ku sa mu a addu'a. Injin bai daɗe ba ya mutu, albasar fadamar Baba ta bushe duka.

Yayanka,
Isa