Riƙon Bamba

Yayata ta kaina,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin naki, ya maigidan? Mu lafiya lau, sai kewa.

Tun da kika tafi, gidan nan ya yi mini faɗi. Baba ba ya fitowa daga gareji, yana ta fama da tsohuwar motar Kaka. Da ita yake hira, ni kuwa sai littattafan nan na soyayya da kike mini tsiya a kai.

Amma ki ji. Ƙarafan da ke riƙe bambar gaba tsatsa ta cinye su, kuma an daina yin irinsu, dole a ƙera sababbi. Kafin nan sai wani ya tallafe bambar a jikin mota, Baba ya kwanta ƙasa yana gwada kwali, yana yanka shi a siffar ƙarafan, yana shata gurbin noti da alli. Ni ya kira! Ga nauyi, amma ban nuna ba. Daga ƙarƙashin motar yake ba ni labarin ranar da ya fara ɗauko Mama a cikinta, motar ta mutu musu a hanya, Mama na tuƙi shi yana turi. Wallahi ya fi duk abin da na karanta. Ashe in ba ya ganin fuskar mutum, Baba yana da baki.

Ki gaishe da kowa.

Taki,
Auta

Yayata,

Ina fata kina lafiya. Na ji shiru, na san hidima ce.

Mai walda ya zo, mai shegen surutu. Ya ce wai ni ce jak ɗin ɗaga mota da ba a saya da kuɗi ba. Na rasa inda zan sa kaina don kunya. Ya yanke ƙarfe daidai da kwalin, ya lanƙwasa, ya huda, suka ɗaure. Bamba ta zauna daram, tana walƙiya.

Jiya na je na tsaya a gurbina. Baba ya dube ni, ya ce an gode Auta, yanzu ta tsaya da kanta, in je in huta. Na koma ɗaki na buɗe littafi, shafi ɗaya na yi ta kallo har la'asar.

Da ya fita na leƙa bayan motar. Can ma babu ƙarafan, bambar tana jingine a bango. Da ya dawo ya ce wataƙila na baya a same su a wajen masu tsofaffin kaya, gobe zai je.

Yaya, kar ki yi mini dariya. Ki taya ni addu'a kada a samu.

Ƙanwarki mai kewarki,
Auta