Tsakuwa ce a ƙodar Baba

Yaya Maliki,

Mun dawo daga asibitin garin Isa, an ce kana bakin rijiya da shanu. Albishirinka, ƙodar Baba ba ta mutu ba.

Likita ta shafa mishi wani mai mai sanyi a kwiɓi, ta riƙa goga na'urar hoto, sai ga ƙodojin duka biyu a allo. Ni dai toka-toka nike gani, har ta nuna min wani farin ɗigo ta gefen dama. Tsakuwa ce, ba ta wuce ƙwayar dawa ba, ita ta tare hanyar fitsari har ƙodar ta ɗan kumbura. Ta hagu lafiya lau. Baba ya ɗago kai ya ce, "Wanga ɗan abu ne ya kada ni wata guda?" Dariya ta kama ni har na kasa tsayuwa.

Likita ta ce ƙarancin shan ruwa ne, kuma ka san tun da fari ya ƙafar da rijiyar gida yake ragewa. An ba shi magani. In ya sha ruwa sosai tana iya fita da kanta, bayan sati biyu a sake hoto.

Za ni Tozai in gaya ma Gwaggo Hajo, kar ta ƙara kwana tana kuka. Mai kabu-kabu na jirana. Na cika ma Baba tulu. Don Allah ka zauna gabanshi har ya sha, in ka juya baya awaki za shi ba ruwan.

Safiyatu