Sunan 'Yar Fari

Gumel, Litinin

Yaya Sajo,

Bayan gaisuwa da fatan shanu lafiya, Jannatu ta farfaɗo jiya da azahar, har ta sha kunu. Allurar da aka yi mata a asibitin da ke kusa da rugarku ba tata ba ce. Ta wata Sumayya ce mai shekara goma sha biyu, 'yarka kuwa shekararta uku. Asibitin ya rubuta cewa matarka, Adda Ummukulthum, ce ta amsa sunan da ba na 'yarta ba. Na kai ƙara hukumar lafiya, za a zauna ran Laraba.

Ƙanen matarka,
Cindo

Maigatari, Talata

Malam Cindo ɗan boko,

Ina amsa gaisuwa. Ilu dillali ne ke rubuta mini. Na gode Allah da ran yarinya. Amma uwar da za a kira sunan 'yar wani ta bari a soka wa tata allura, ban ga zamanmu ba. In an sallame su, yayarka ta wuce gidanku a garin Sule Tankarkar, Jannatu a kai wa inna.

Sajo

Gumel, Laraba

Yaya Sajo,

Gaisuwa mai yawa. An zauna, ga yadda aka yi.

Ma'aikaciyar jinya ta ce ta tambayi Adda sunan yarinya, Adda ta sunkuyar da kai. Ta ce ko Sumayya ce, Adda ba ta ɗago ba, sai ta ɗauka an amsa. Ba ta duba katin da ke gindin gado ba. Lauyan asibitin ya nace cewa uwa ta san sunan 'yarta.

Na ce ta sani, amma Jannatu 'yar fari ce, kuma a wurinmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, balle a gaban mutane. Na juya ga shugaban zaman, wani dattijon likita, na ce, "Ranka ya daɗe, a gidanku wa aka fara haifa?"

Ya yi dariya. "Ni ne. Shekarata sittin, har yau 'wancan' mahaifiyata take ce mini."

An soke rubutun da ya ɗora wa Adda laifi, shugaban asibitin ya ba ta haƙuri a gaban kowa. Daga yau duk yaron da aka kwantar za a ɗaura masa suna a hannu, kuma ba allura sai an karanta.

Kai ma, Yaya, yaushe ka taɓa kiran yarinyar nan da sunanta?

Ka huta lafiya,
Cindo

Maigatari, Alhamis

Cindo,

Ilu ya karanta mini sau biyu, ya kuma karanta wa 'yan kasuwar shanu ba da izinina ba. Kada a kai kowa ko'ina. Ina tashi kasuwa zan hau mota. Ka ce da ita na ji.

Sajo

Gumel, Juma'a

Malam Ilu,

Na gode da rubutu. Yaya Sajo ya iso, su uku suna zaune a barandar asibiti. Sakamakon gwajin ƙodar Jannatu bai fito ba, an ce sai Litinin.

Cindo