Auren da Kotu Ba Ta San da Shi Ba

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da Malam da yara. Yaya ƙafar Inna? Yaya Maraɗi?

Kan maganar rabuwata da Baban Amira, na samu lauya a unguwar Aziziyya a nan Jidda, jikan mutanenmu, haifaffen Jidda. Na zaɓe shi don yana jin Hausa, ko da yake da Larabci yake amsa mini. Da na gama kukana, sai ya ce in kawo takardar aure. Yaya, wace takarda? A ɗakin Kawu a unguwar Kurayyat aka ɗaura, aka raba dabino, aka watse.

Ya ce kotu ba ta raba auren da ba ta san da shi ba, sai na kawo shaidun. Ɗaya ya rasu, ɗayan kuma, Ilu tela, hukuma ta mayar da shi ƙasarmu tun bara. Baban Amira ya ƙi saki, ya ƙi zuwa kotu. Na gaji, wallahi.

Ki gaida kowa. Inna ta sa ni a addu'a, amma kada ki faɗa mata dalili. In kin ji inda Ilu yake, ki tuna masa ya ci dabinon aurena.

Ƙanwarki,
Rabi