Aji Biyu, Lambu Ɗaya

Litinin, 3 ga Fabrairu
Farfesa, mai duba aikina na digiri na biyu, ya maido mini babi na uku, jan biro kamar an yanka kaza a kai. Wai tsarin bincikena ba zai tsaya ba. Abin da nake so in gwada ba shi da wuya: aji ɗaya in koya musu auren mangwaro a lambu, wuƙa a hannu, ɗayan kuma a allo kawai, sannan a yi musu jarrabawa ɗaya a ga wa ya fi. Shi kuwa ya dage sai na ɗauki makarantu biyu masu nisa da juna. "Malama, yara ba buhunan iri ba ne, suna magana." Na ce ranka ya daɗe, ɗalibaina ne, na san su kamar yunwar cikina. Shi yaushe rabonsa da riƙe alli a gaban 'yan sakandare? A makarantarmu zan yi.

Alhamis, 6 ga Fabrairu
Ya sa hannu yana girgiza kai. Ya yi ta girgizawa.

Talata, 18 ga Fabrairu
Ajin lambu sun fara. A fere reshe, a tsaga gindi, a cusa, a ɗaure da leda. Na ja musu kunne: duk wanda ya kai labari ajin allo, ni da shi ne. Su kuwa ajin allo na zana musu komai, suna kwafa suna leƙen taga. Abin ya sosa mini rai. Amma idan ban kare aikin nan gaban kwamiti a bana ba, wa'adina a jami'a ya cika, sai sallama.

Asabar, 8 ga Maris
Baban yara ya ce har a barci "babi na uku" nake cewa. Na ce ya gode Allah ban jefe shi da shi ba.

Laraba, 19 ga Maris
Jarrabawar aiki da hannu. Ajin allo, waɗanda ban taɓa ba wa wuƙa ba, sun fere reshe sumul. Kuma daga hagu! Ni kaɗai ce bahaguwa a makarantar nan. Na tsare yarinyar nan mai gilashi ta layin gaba. Ta ce, "Malama, 'yan ajin lambu ne ke nuna mana a bayan ɗakin gwaji. Sun ce ba a yi mana adalci ba." Adalci! Na rasa ko in balbale ta da faɗa ko in rungume ta.

Alhamis, 20 ga Maris
Sakamako kunnen doki. Ba abin da zan kwatanta. Kuma ba zan gaya wa Farfesa ba.

Juma'a, 21 ga Maris
Abokin karatuna ya ce in ɗan rage makin ajin allo, wa zai sani? Allah ya kiyaye. Taurin kai ne da ni, amma ni ba maƙaryaciya ba ce.

Litinin, 24 ga Maris
To, na gaya masa. Da shirin faɗa na shiga ofishin, ina jira ya ce ai na faɗa miki. Bai ce ba. Dariya ya yi har da share ido. "Daga hagu?" Sannan ya ce akwai sauran zango ɗaya kafin kwamiti ya zauna, zan iya sakewa da sababbin ɗalibai idan na tashi tsaye. Da gori ya yi mini da ya fi mini sauƙi.

Laraba, 2 ga Afrilu
Na buɗe wa ajin allo lambu, dama sun riga sun shige shi ta bayan gida. Reshen mai gilashi har ya fara toho.

Da yamma na je wata makaranta can ƙarshen gari, sai an sauya mota. Ba don shi ba. Shugabar makarantar tsohuwar ƙawata ce, gaisuwa na je. Na dai tambaye ta ko ɗalibanta suna da 'yan'uwa ko ƙawaye a wajenmu. Ta ce me ya kawo wannan tambaya? Kafin in ankara na ji bakina yana cewa yara ba buhunan iri ba ne.

Wannan ba sai ya ji ba.