Barkono Ta Daina Tari

Zuwa ga mahaifina, tsohon akawun tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan, wanda ya riga mu shiga hutu.

Gaisuwa da ban girma cikin sunan Ubangiji. Bayan gaisuwa, a matsayina na babban ɗanka kuma mai kula da kayan tarihin gidan nan, muƙamin da ni na naɗa kaina, wajibi ne in sanar da kai wani al'amari mai nauyi: Barkono ta daina tari.

Na san a inda kake ba a damuwa da motoci. Amma ka yi haƙuri ka saurare ni, don har yanzu ban gama farfaɗowa ba.

Kai ka sayo ta daga hannun Baturen reluwe da zai koma ƙasarsu, tun ban zo duniya ba. 'Yar mota ja, ƙofa biyu, kujera biyu, rufin tamfol da ake naɗewa, sitiyari a hannun dama. Kai ka raɗa mata Barkono, wai ƙarama ce amma da zafi. Zafin dai ban taɓa gani ba. Abin da na sani shi ne tarinta: a murɗa makulli ta yi tari kamar tsoho mai shan taba, ta yi shiru tana shawara, sannan in ta ga dama ta tashi. Ni da ƙanena Bulus a cushe a bayan kujeru kamar buhunan citta.

Da ka tafi, na ɗora ta a kan bulo cikin gareji, na lulluɓe, na kafa doka: ko ƙusa ɗaya ba za a canza ba. Na karanta littattafai a kan tsofaffin motoci fiye da yadda na karanta Littafin Annabi Irmiya, kuma duk bakinsu ɗaya, darajar irin wannan mota tana ga asalinta. Shekaru suka wuce. Kaji suka yi ƙwai a kujerar direba. Bulus kan leƙo ya ce, "Yaya, wannan ba mota ba ce, akwatin gawa ne mai taya."

Ka san idon Mama ya tafi gaba ɗaya. Kunnenta ne idonta yanzu. Bana ta ce tana so a kai ta Madakiya ranar godiyar girbi, ta yi sujada a majami'ar da aka ɗaura muku aure, ta tsaya a kabarinka. "Ban san ko zan ga wani girbin ba," in ji ta. Kuma ba za ta shiga kowace mota ba sai taka.

Na gwada, Baba. Barkono ta yi tari, ta kai bakin get, ta mutu. Sai aka tura ni Zariya duba takardun jarrabawa. Na bar wa Bulus makulli da umarni ɗaya tak: a wanke fulogi, a sa sabon batir, kada a wuce nan.

Na dawo na ɗaga bonet.

Baba, ban san abin da na gani ba. Injinka babu. A gurbinsa wani inji ne ɗan Japan, tsaf-tsaf kamar ɗakin tiyata. An sa fanka mai lantarki. An canza birki. An ɗaura bel a kujeru. Injinka kuwa, wanda ka yi rabin rayuwarka kana lallashi, yana can gindin gwaiba a kan tsohuwar taya, kamar kan akuya washegarin Kirsimeti.

Bulus ya murɗa makulli. Ta tashi nan take, ba tari, ba shawara, sai wani guna-guni mai laushi irin na keken ɗinki. Na nemi bulo na zauna. Ni da nake tsayawa gaban aji ina bayanin faɗuwar dauloli ba tare da muryata ta yi rawa ba, ranar nan sai na hau Bulus da faɗa. Na ce masa ya binne ka sau biyu. Na ce matar da ba ta gani, abu ɗaya ya rage mata na mijinta, wannan tarin, shi kuma ya cire ya ajiye a gindin gwaiba.

Ɗanka bai ko ɗaga murya ba. "Yaya, kai kana so mota ta zama Baba. Ni ina so Mama ta isa Madakiya." Ya nuna mini abin da ya bari: fentin da ya koɗe, sitiyarin dama, hon, tsohuwar fatar kujera. Ban kalla ba. Har ranar Lahadi ba mu yi magana ba, sai ta bakin matanmu.

Da safiyar Lahadin muka riƙo Mama muka zaunar da ita a kujerar hagu. Ta shafa ƙofa. Ta shafa kujera har yatsanta ya sami yagewar nan da ta ɗinke da baƙin zare, ta tsaya a kai. Bulus ya tayar. Na runtse ido, ina jiran ta ce wannan ba motar mijinta ba ce, a sauke ta.

Ta ce, "An tayar?" Aka ce an tayar. Ta ce, "To, ba wanda zai sauka ya tura?"

Sai ta fashe da dariya, irin wadda ban ji ba tun jana'izarka. Ta juyo wajen da take jin numfashina ta ce, "Ishaya, da cikinka na tura motar nan a hawan Kagoro, da takalmin coci. Babanku na zaune a ciki yana cewa, Saratu, ƙara ƙarfi, ta kusa. Tsohon injin nan ni ce rabinsa."

Baba, da gaske? Da cikina? Kai da ka koya mana buɗe wa mace ƙofa? Na yi shekaru ina gadin asalin motar nan, ashe babban ɓangaren asalin yana zaune a falo yana shan kunu, ba wanda ya tambaye shi. Wannan ya girgiza ni fiye da injin Japan.

Kujera biyu ce, saboda haka mai kula da kayan tarihi ya bi su a bayan babur, da kwat da Littafi Mai Tsarki a hammata. Ba mu ko hango su da kyau ba. A karon farko na ga dalilin sunan da ka raɗa mata. Da muka kusa gari sai na jiyo hon daga nesa, gajere sannan dogo, yadda kake yi a kwanar nan don a san ka iso. Mama ce ta ce a danna. Na tarar da tsofaffin matan zumunta na majami'ar sun fito da doya da dawar godiya a hannu, suna tambayar juna ko wa ya dawo.

Bayan sujada muka kai ta wurinka. Ta dafa dutsen kabarin. Na san ka ji abin da ta faɗa, amma bari in rubuta don kada ka ce iska ta ɗauke: "Malam, na zo a motarka. Kuma ban tura ba."

Tsohon injin na hana a sayar wa masu gwangwan. Na shafe shi da mai, na naɗe, yana gareji a inda motar take da. Kaji sun riga sun karɓe shi. Barkono kuwa tana fita duk Lahadi.

Ubangiji ya ci gaba da ba ka hutu a wurinsa. Ya ƙara wa Mama kwana ta ga wani girbin. Ya kuma gafarta maka hawan Kagoro, tunda ita ta yafe.

Ɗanka mai ƙaunarka,
Ishaya

Ƙarin bayani: Bulus ne da gaskiya, ni na yi kuskure. Na faɗa maka kai da farko, don ka fi shi iya riƙe dariya.